Cin Bashi Don Biyan Bashi: Ramin Da Ke Haɗiye Albashi Tun Kafin Ya Shigo

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Maganar gaskiya ce, kuma Musulunci bai zo ya hana cin bashi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Amma akwai wani nau'in bashi da ya shigo mana ta cikin wayoyin da ke aljihunmu, wanda ya sha bamban da rancen da muka gada tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Shi ne bashin jiran albashi: a ba ka kuɗi yau cikin 'yan mintoci, ba mai tsaya maka, ba jingina, a cire da ƙari ranar da albashi ya shigo. Mafi munin yanayinsa shi ne mutum ya ci na biyu don ya biya na farko, ya ci na uku don ya toshe na biyu.

Muna wannan magana ne da ƙasar Gumel a gabanmu, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, duk da cewa ciwon bai tsaya a nan ba. Yanki ne da ya dogara ga noman gero da riɗi da zoɓo da wake, da kiwo, da cinikin kan iyaka, sai kuma albashin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, wanda kowane ɗaya yake ɗauke da gidaje fiye da ɗaya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekarar a Nijar aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta ji a jikinta, har zuwa Maris 2024 da aka ba da umarnin buɗewa. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, amma duk wanda ke zuwa cefane ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsagar masu ba da bashi da ruwa suka shigo.

Ƙofofinsu uku ne. Akwai manhajojin rance da ake saukewa a waya. Akwai rancen jiran albashi da wasu bankuna ke bayarwa ta hanyar danna lambobi. Sai kuma tsohuwar ƙofa, ta mai kuɗin unguwa da ke riƙe katin cirar kuɗin ma'aikaci tare da lambar sirrinsa, ya cire nasa a ƙarshen wata kafin mai albashi ya ga sisi. Wanda ya shiga ɗaya, sau da yawa ba ya daɗewa sai ya ƙwanƙwasa sauran biyun.

Yadda ramin yake zurfafa

Mu yi lissafi a kan misali, domin lissafi ba ya son kai. A ce ma'aikaci yana karɓar Naira 70,000, kuma abincin gidansa da kuɗin mota da na makarantar yara suna cinye ta daidai, ba ragi ba ƙari. Sai yaro ya kwanta rashin lafiya, ya ranto Naira 20,000 a kan ruwan kashi 20 cikin 100 a wata. Akwai masu karɓar ƙasa da haka, akwai masu karɓar fiye. A ƙarshen wata za a cire masa Naira 24,000, ya rage da 46,000, alhali buƙatun gidan suna nan yadda suke. Giɓin da ke gabansa yanzu Naira 24,000 ne. Idan ya cike shi da sabon rance, wata na biyu zai biya 28,800, na uku 34,560, na huɗu 41,472. A wata na bakwai abin da ake binsa ya haura Naira 71,000, ya zarce albashinsa baki ɗaya. Duk wannan a kan Naira 20,000 da aka kashe sau ɗaya, a rana ɗaya, a kantin magani.

A nan ne yawan basuka yake samo asali. Kowace manhaja tana da iyakar abin da take bai wa mutum. Idan giɓin ya fi ƙarfin ta farko, sai a sauke ta biyu. Wa'adin wasu kwana bakwai ne ko sha huɗu, ba ya ma jiran ƙarshen wata, don haka sai a nemi ta uku a biya ta biyu kafin tarar jinkiri ta fara hawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai kallo daga waje zai ce wannan bawan Allah almubazzari ne, alhali tun bayan rancen farko bai ƙara sayen ko ƙwayar hatsi da kuɗin ba. Abin da yake saye kawai shi ne 'yan kwanaki, kuma kowane wata farashin kwanakin yana ƙaruwa. Ruwan kashi 20 a wata kashi 240 ne a shekara ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Babu sana'ar halal a kasuwar Gumel ko ta Maigatari da ke kawo irin wannan riba, balle albashin da ba ya motsi.

Hukuncin ƙarin

A rubutun Hausa kalmar riba ta ciniki da riba ta haram iri ɗaya ake rubuta su, baki ne yake bambanta su. Shari'a kuwa ta raba su rabuwa ta har abada: aya ta 275 a Suratul Baƙara ta halatta ciniki, ta haramta riba, ayoyi na 278 da 279 kuma suka yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi bari. Aya ta 130 a Ali Imrana ta yi hani ga cin riba ninki ba ninki, wanda shi ne ainihin hoton lissafin da muka yi a sama.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga Zaidu ɗan Aslam, yadda ribar Jahiliyya take: idan wa'adi ya cika, mai bin bashi ya tambayi wanda yake bi ko zai biya ko zai ƙara; idan ya kasa biya, sai a ƙara masa kuɗi a ƙara masa lokaci. Duk wanda ya taɓa ganin saƙon da ke ba shi zaɓin ɗage wa'adi a kan wani ƙarin kuɗi, ya ga wannan ciniki da idonsa, sai dai yau na'ura ce take yin tambayar. Ita ce ribar da Annabi (SAW) ya soke a huɗubar Hajjin Bankwana, ya fara da ta baffansa Abbas. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani bai halatta ba. A wannan zamani ma, Majalisar Binciken Musulunci ta Azhar a 1965, da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, sun tabbatar cewa ruwan da ake ɗorawa a kan rance riba ne.

Canza suna ba ya canza hukunci. Wasu suna cewa ba sa karɓar ruwa, kuɗin hidima kawai suke cira. Majalisar Fiƙihu ta yarda a karɓi kuɗin hidimar rance gwargwadon abin da aka kashe a haƙiƙa wajen yin hidimar, abin da ya haura haka riba ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kuɗin yana ƙaruwa da yawan rancen ko da tsawon kwanakinsa, to ruwa ne ya sa wata riga. Haka tarar jinkiri da ke shiga aljihun mai ba da bashi.

Kada mai karɓa ya ɗauka laifin na mai bayarwa ne shi kaɗai. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da mai rubuta ta da shaidunta biyu, ya kuma ce daidai suke. Gaskiya ne malamai sun yi rangwame ga wanda lalura ta kai shi maƙura, kamar ceton rai ko yunwar da ke barazana ga iyali, bayan ya nemi hanyar halal ya rasa. Amma lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Lefe da kayan ɗaki da shagalin suna da sabuwar waya ba su shiga cikinta ba. Ragon layya ma bai shiga ba, domin a mazhabarmu layya sunna ce a kan wanda ba ya buƙatar kuɗinta wajen lalurorinsa na shekarar. Ba a neman kusanci ga Allah da abin da ya yi shelar yaƙi a kansa.

Abin da yake ci bayan kuɗi

Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa mutum idan bashi ya yi masa nauyi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Muna ganin wannan a fili. Mutumin kirki ya fara kashe wayarsa, ya ɓoye wa matarsa inda albashi ya tafi, ya ƙirƙiro wa ɗan'uwansa labarin rashin lafiya don ya samu abin toshe wa'adin gobe. Wasu daga cikin rigingimun ciyarwa da ake kawowa sulhu a masallatanmu, idan aka bi diddiginsu, a nan suke tsayawa.

Sai kuma tonon silili. Manhajoji da dama sun riƙa neman izinin shiga jerin lambobin da ke wayar mai karɓar rance, idan ya yi jinkiri su aika wa surukansa da shugabansa a wurin aiki da limamin unguwarsa saƙon cewa ɗan damfara ne. A gari irin Gagarawa ko Sule Tankarkar, inda kowa ya san gidan kowa, saƙo ɗaya irin wannan yana iya rushe mutuncin da aka yi shekara talatin ana ginawa. Wannan zalunci ne a Shari'a ko da bashin na halal ne, domin aya ta 280 a Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Bashi kuma ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. An taɓa kawo gawa, Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A da, idan an yi rasuwa, ana cigiyar masu bin mamaci bashi a wurin jana'iza su fito. Yau mutum yana iya rasuwa da basuka biyar a cikin wayar da ba wanda ya san lambar buɗe ta, magada su raba gado ba su sani ba, alhali Alƙur'ani ya gabatar da biyan bashi a kan rabon gado.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Ya kamata mai karatu ya san haƙƙinsa, ya kuma san abin da ke jiransa. A Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar rance. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas, a Agusta na shekarar ta wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayu 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan sirri, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Yuli 2025 kuma FCCPC ta fito da sababbin ƙa'idoji da suka tanadi tarar da za ta iya kaiwa Naira miliyan 100. Wanda aka yi wa barazana ko aka yaɗa sunansa yana da damar kai ƙara ga waɗannan hukumomi, ya adana saƙonnin a matsayin hujja. Sai dai a lura, rajista da gwamnati tana nuna kamfani yana ƙarƙashin doka ne kawai, ba ta mayar da ruwansa halal.

Ta ɗaya ɓangaren, guje wa bashi ya yi wuya. Tun 1 ga Agusta, 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya bai wa banki damar cire uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga duk wani asusu da ke haɗe da lambar BVN ta wanda ya kasa biya, ko a wane banki yake. Dokar 2017 ta bayanan masu cin bashi ta ƙarfafa kamfanonin da ke adana tarihin kowa, don haka wanda sunansa ya ɓaci a can zai iya rasa tallafin halal da zai nema nan gaba. Dokar ƙwadago, a sashe na 5, ta ce abin da mai aiki zai cire daga ladan ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Wannan ma'auni ne mai hikima, amma mai manhajoji huɗu ya tsallake shi da ƙafarsa, domin kowace tana cirar nata ba ruwanta da sauran.

Ga wanda ya riga ya faɗa

Ƙofar tuba a buɗe take, kuma matakin farko shi ne a daina haƙa. Kada a ƙara cin wani bashin ruwa don biyan wani, ko da saƙonnin barazana sun cika waya. Sannan a ɗauki takarda a rubuta duka: wa ke bi, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ƙari, yaushe ne wa'adi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A ba wani amintacce kwafin takardar, a kuma sanar da uwargida gaskiyar lamari, domin ita za ta taya tsuke bakin aljihu.

Uwar kuɗi wajibi ne a biya ta. Muna jin wasu matasa suna cewa tunda kamfanin na riba ne, halal ne a karɓi kuɗinsa a karya layin waya. Wannan kuskure ne babba. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da niyyar halaka ta Allah zai halaka shi. Game da ƙarin, a nemi a yafe shi ko a rage, a rubuce. Idan an ƙi, kuma ƙin biya zai jawo cutar da ta fi, sai a biya a fita da gaggawa tare da tuba, a fara da wanda ruwansa ya fi gudu. Sayar da babur ko tunkiya ko ƙaramar kadara yana da ciwo, amma ciwon rana ɗaya ne, ruwan bashi kuwa kullum yana tsiro. Mai ba da bashi da ruwa da ke son tuba shi ma hanyarsa a bayyane take: ya karɓi uwar kuɗinsa, ya mayar wa mutane katunansu.

Idan basukan sun fi ƙarfin dukiyar mutum, Shari'a tana da babi a kan haka. Malik ya ruwaito labarin Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina, wanda ya riƙa sayen raƙuma da tsada bashi don a ce ya riga alhazai isowa, har ya karye. Sayyidina Umar ya tara jama'a ya ce duk mai binsa ya zo da safe a raba abin da ya mallaka a tsakaninsu, sannan ya gargaɗe su cewa bashi farkonsa damuwa ne, ƙarshensa kuma tsiyacewa. Malaman Malikiyya sun gina hukunci a kan wannan: alƙali ya raba abin da ke akwai gwargwadon haƙƙin kowa, a bar wa mutum abincinsa da na iyalinsa da tufafinsa, sauran a jira shi. Shari'a ba ta ce a tozarta shi ba, ba ta kuma ce ya je ya ƙara cin wani ba.

Nauyin da ke kanmu

Ba adalci ba ne mu tsaya a kan mumbari mu ce haram, sannan mu bar mutum da yaro a gadon asibiti ba mu nuna masa wata ƙofa ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. Muna kira ga kwamitocin zakka na masarautunmu da attajiran hatsi da na dabbobi su tuna da wannan kaso, domin malamin firamare mai tsabtatacciyar riga yana iya fin mai bara shiga ƙunci, kunya ce kawai ta rufe masa baki.

Kowane masallacin Juma'a a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar zai iya kafa asusun rance mai kyau, wanda ba ƙarin ko kwabo, da amintattun mutane da littafin lissafi da masu tsayawa. Da mutumin da muka yi misali da shi ya samu Naira 20,000 daga irin wannan asusu, ya biya dubu biyar-biyar cikin wata huɗu, da labarin ya ƙare a nan. Adashin da iyayenmu mata suka riƙe shekara da shekaru yana kan wannan turba, haka ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata idan aka tsarkake su daga ruwa. Manomin da ke neman kuɗin taki yana da cinikin salam, inda ake biyan sa kuɗin amfanin gona gaba ɗaya tun da wuri, a kan mudu da nau'i da lokacin da aka ambata. Mai son kayan sana'a yana da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, inda ake saye a sayar masa da riba sananniya wadda ba ta ƙaruwa da jinkiri.

Wanda kuma aka ba rance mai kyau ya ji tsoron Allah ya biya a kan lokaci, domin jinkirin mai hali zalunci ne, kuma rashin cika alkawarin wasu shi ya sa masu hali da yawa suka rufe hannuwansu, har talaka ya koma ga manhaja. Idan muka gyara amana a tsakaninmu, mun toshe rabin tsagar da ƙadangaren ya bi.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa, ya wadatar da mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu. Amin.